Allurar wata uku ta rikita min al'ada: in ci gaba ko in bari?

Assalamu alaikum, Anti Nas. Shekarata 29, 'ya'yana uku, na ƙarshen da tiyata aka ciro shi, yanzu watansa bakwai. Bayan na yi arba'in, ni da maigidana muka amince in fara allurar wata uku don in huta. Na yi sau biyu, ta uku saura mako uku. To tun da na fara jini bai bar ni na sake ba. Sai ya ɗiga kwana uku ya ɗauke, bayan mako guda ya dawo, wani lokaci ja, wani lokaci ƙasa-ƙasa. Ga ƙiba na fara yi. Surukata ta ce allurar ƙona mahaifa take yi, wata maƙwabciyata kuma ta ce ita da ta yi, al'adarta ta ɗauke shekara guda jinin ya taru mata a ciki. Sallata ma ta rikice. Ina son in ƙara haihuwa nan gaba. In ci gaba ko in bari?
'Yar uwarki daga Funtuwa

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya yaro, ya ƙara miki lafiya.

Ɗige-ɗigen jinin nan da kika bayyana shi ne halin allurar da aka fi sani a watanni shida na farko, kuma ba alamar mahaifa ta lalace ba ne. Shawarata ita ce ki je ki karɓi ta uku a kan lokacinta, a auna miki hawan jini da yawan jinin jikinki a wannan zuwan, a ba ki maganin da zai lafar da ɗigon. Idan bayan kin karanta abin da ke ƙasa kin ga allurar ba ta yi miki ba, to ki koma wata hanyar a ranar da ya kamata a yi miki ta ukun. Abin da ba na so shi ne ki zauna haka nan babu komai. Yaronki ya wuce wata shida, ya fara shan kunu, shayarwa ta daina ba ki kariyar da za a dogara da ita, ga ɗinkin mahaifa bai daɗe ba.

Allurar wata uku da ake yi a tsoka, wadda aka fi sani da Depo-Provera, tana ɗauke da miligiram 150 na wani sinadari mai kama da wanda jikin mace ke samarwa bayan fitar ƙwan haihuwa da lokacin goyon ciki. Yana zama a tsoka yana shiga jini kaɗan-kaɗan har mako 13. Babban aikinsa hana ƙwai fita. Yana kuma sa yauƙin bakin mahaifa ya yi kauri yadda maniyyi ba zai ratsa ba, sannan ya sirantar da fatar cikin mahaifa. Wannan na ƙarshen shi ne tushen damuwarki. A watannin farko fatar tana sirancewa ba bisa tsari ɗaya ba, ƙananan jijiyoyin jinin da ke cikinta ba su da ƙwari, sai su riƙa tsiyaya nan da can. Jan jinin sabo ne, mai launin ƙasa kuma wanda ya ɗan jima kafin ya fito. Ga yawancin mata abin yana raguwa daga allura ta uku zuwa ta huɗu, kuma a ƙarshen shekarar farko kusan rabin masu yin ta ba sa ganin al'ada kwata-kwata.

Nan ne maganar maƙwabciyarki ta shigo. Jinin al'ada ba ƙazanta ba ce da jiki ke tarawa don ya zubar. Kowane wata mahaifa kan yi shimfiɗa saboda baƙon da take sa rai, idan bai zo ba sai a naɗe shimfiɗar a fitar, wannan fitarwar ita ce haila. Mai allura ba a yi mata shimfiɗar ba tun farko, saboda haka babu abin da za a fitar, babu kuma abin da zai taru. Ke kanki kin yi watanni ba kya ganin al'ada lokacin da kike shayar da manyan yaranki, ba wanda ya ce jini ya taru miki. Cikar ciki da wasu ke ji yawanci kumburin iska ne ko ƙiba, duka biyun kuwa allurar tana iya kawo su.

Ɗigon yana da magani, ko da yake na ɗan lokaci ne. Ma'aikatan tazarar haihuwa sukan ba da ibuprofen miligiram 800 sau uku a rana, ko mefenamic acid miligiram 500 sau biyu a rana, bayan cin abinci, na kwana biyar, a fara ranar da jinin ya fara. Ki gaya musu kina shayarwa, don ibuprofen ne aka fi sakin jiki da shi ga mai goyo. Idan kina da olsa, ciwon ƙoda, ko asma da irin waɗannan magunguna ke tayarwa, kada ki sha, kuma kada ki haɗa biyun. Idan jinin ya yi yawa, akwai tranexamic acid da likita ke rubutawa na 'yan kwanaki, ko a ba ki ƙwayoyin tazara masu sinadari biyu na wata guda su daidaita fatar mahaifar, tunda yaronki ya wuce wata shida, amma sai an tabbatar ba ki da hawan jini. Maganin yana tsayar da zubar da ake ciki, ba ya hana wata ta zo daga baya, don haka kada ki ga ya dawo ki ce bai yi aiki ba. Ki roƙi ƙwayar ƙarin jini idan awo ya nuna ya yi ƙasa, ki kuma dage da hanta, nama, wake, alayyahu da zogale. Jiƙe-jiƙen wanke mahaifa da ake tallarsu kuwa, ki bar su inda kika gan su. Babu dattin da za su wanke, wasu ma zubar suke ƙarawa.

Akwai jinin da ba a jira da shi. Idan ya ninka al'adarki ta da, ko ya wuce kwana takwas yana zuba sosai, ko yana fita da guda-guda har kina jiri zuciyarki na bugawa da sauri, ki tafi asibiti a ranar. Haka idan akwai zazzaɓi, ciwon mara mai tsanani, ruwa mai wari, ko jini na fita duk bayan saduwa. Wannan na ƙarshen sai an duba bakin mahaifa da ido, don kada a ɗora wa allura laifin wata cuta ana zaune. Haka nan macen da al'adarta ta ɗauke watanni sannan jini ya ɓalle mata daga baya, a duba ta.

Batun sallah na malamai ne, amma abin da aka sani a mazhabar Malikiyya shi ne macen da ta san kwanakin al'adarta, idan jini ya zarce, takan ƙara kwana uku a kan mafi yawan kwanakin da ta saba, muddin ba su haura 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta ci gaba da ibada. Mai yankewa yana dawowa irin naki yana da nasa lissafin. Ki samu kalanda ki riƙa yin alama a duk ranar da kika ga jini, da launinsa da yawansa. Ki kai wa malamar Islamiyyarku ta yi miki lissafi. Wannan takardar dai ita ce za ta fi taimakon ma'aikaciyar asibiti, don "yana zuwa yana tafiya" ba ya nuna mata ko abin raguwa yake.

Sai zancen surukarki. Allurar ba ta ƙona mahaifa, ba ta kuma hana haihuwa har abada, ko shekara nawa aka yi ana yin ta. Amma akwai abin da Hajiya ta gani a wurin wasu matan da ya sa ta faɗi haka, kuma shi ne illar da ya kamata a gaya wa kowace mace kafin a tsira mata allurar farko: haihuwa tana jinkirin dawowa. Mai ashanar hannu (siririn abin tazara da ake sawa a ƙarƙashin fatar hannu) ko robar mahaifa, ranar da aka cire mata za ta iya ɗaukar ciki a watan. Allura kuwa ba a cire ta, sai jiki ya gama narkar da ita. A matsakaici mace kan ɗauki ciki wata goma bayan allurar ƙarshe, wata a wata huɗu, wata sai ta kai shekara ɗaya da rabi. Yawan allurar da aka yi ba ya ƙara tsawon jiran, mai allura biyu da mai goma duk ɗaya ne. Macen da ba a yi wa wannan bayani ba, ta daina, ta ga wata takwas shiru, dole ta ce an ƙona mata mahaifa, dangin miji kuma su tayar da magana.

Ga yadda za ki yi lissafin naki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar aƙalla wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, kuma wannan ya fi ƙarfi ga wadda aka yi wa tiyata, domin ciki da wuri yana ƙara haɗarin ɗinkin mahaifa ya buɗe lokacin naƙuda. Idan kina son ciki bayan yaye, ki yi allurar ƙarshe lokacin da yaron yake wajen wata 20 ko 21. Kariyarta za ta kai ki ya cika shekara biyu, daga nan ciki na iya zuwa kowane lokaci, amma ki sa a ranki yana iya kai yaron shekara biyu da rabi ko uku kafin ya samu. Idan wannan jiran zai yi miki nauyi, ko a gidanku zai zama abin gori, gara ki koma ashana ko robar mahaifa tun yanzu, a cire miki ranar da kuka shirya. A shekara 29 kina da sarari. Da shekarunki sun kai 38 kina neman ƙarin ɗa ɗaya, da ban ba ki shawarar allura ba.

Ƙibar ma gaskiya ce. Matsakaicin abin da ake ƙarawa kilo ɗaya zuwa biyu ne a shekara, amma ba kowa da kowa ba: wasu ba sa ƙara komai, wasu sukan ƙara da yawa. Allurar tana buɗe ciki ne, mace ta riƙa jin yunwa fiye da da. Ma'aunin da za ki riƙe shi ne na wata shidan farko. Wadda ta ƙara fiye da kashi biyar cikin ɗari na nauyinta a wannan lokaci, wato kilo uku ga mai kilo 60, ita ce aka ga ta fi ci gaba da ƙaruwa. Ki duba katinki ki ga nauyin da aka rubuta ranar allurar farko, a sake auna ki. Sai dai a yi wa allura adalci: mai jego da ta sha kunun gyaɗa da gasasshen nama, tana zaune a ɗaki ana yi mata hidima, ko ba allura za ta murje. Rage lemon kwalba da shayi mai sukari da soye-soye ya fi rage tuwo amfani, tunda kina shayarwa.

Ciwon kai, jiri, sauyin hali da raguwar sha'awa suna faruwa ga wasu. Ciwon kai na yau da kullum farasitamol ya ishe shi. Wanda ke zuwa da walƙiya a ido, dishi-dishin gani, ko nauyin harshe da hannu, wannan a dakatar da allurar a ga likita. Idan kuma kin ga ƙunci ya lulluɓe ki, ba kya jin daɗin komai har goyon ma, ki faɗa, domin ciwon damuwa bayan haihuwa yana nan, kuma ana maganinsa.

Akwai illar da ba a ji a jiki. Allurar tana rage sinadarin mata da ke riƙe ƙwarin ƙashi, saboda haka ƙashi yakan ɗan rage nauyi muddin ana yin ta, ya fi sauri a shekara biyun farko. Wannan ya sa hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a jikin kwalinta a 2004. Mafi yawan abin da aka rasa yana dawowa bayan an daina, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ƙayyade wa mata masu shekara 18 zuwa 45 tsawon lokacin da za su yi suna amfani da ita ba. Ga irin ki, abin yi shi ne nono da kindirmo, riɗi, kuka, zogale, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, da ɗan shan hantsi, wanda matan da ba sa fita suka fi bukata. A 2024 kuma wani bincike da aka yi a Faransa ya nuna waɗanda suka shekara ko fiye suna allurar sun fi wasu samun wani ƙari da ke fitowa a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa, wanda galibi ba sankara ba ne. Cutar ba ta da yawa ko a cikin masu allurar, amma dalili ne na kada a yi shekara da shekaru ana karɓa ba tare da an zauna an sake duba ko har yanzu ita ce ta fi dacewa ba. Tsoron da aka daɗe ana yi na cewa tana jawo kamuwa da cutar ƙanjamau kuwa, babban gwajin da aka yi a Afirka ta Kudu, Kenya, Zambiya da Eswatini, wanda sakamakonsa ya fito a 2019, bai ga wani bambanci mai yawa tsakaninta da ashana da robar mahaifa ba. Sai dai ba ta kare kowa daga cututtukan saduwa, wannan aikin kwaroron roba ne.

Amfaninta ba kaɗan ba ne, shi ya sa ban ce ki yi saurin barin ta ba. Cikin mata 100 da ke karɓa a kan lokaci, ko ɗaya ba ta cika ɗaukar ciki a shekara, idan aka haɗa da masu makara kuwa adadin yakan kai wajen huɗu. Ba ta rage ruwan nono, ba ta cutar da jariri, shi ya sa ake fara ta daga mako shida bayan haihuwa. Babu shan ƙwaya kullum da mantuwa. Idan al'ada ta ɗauke, jinin da ake zubarwa duk wata ya tsaya a jiki, wannan kuwa babbar riba ce ga macen da haihuwa da tiyata suka rage mata jini. Tana sauƙaƙa ciwon mara, tana rage haɗarin sankarar cikin mahaifa, kuma masu sikila da yawa sukan samu sauƙin tashin ciwon. Magungunan farfaɗiya da na tarin fuka, waɗanda ke raunana ƙwayoyi da ashana, ba sa rage ƙarfin allurar wata uku.

Waɗanda ba a so su yi ta: mai hawan jini da ya kai 160 bisa 100, wadda ta taɓa samun shanyewar ɓarin jiki ko bugun zuciya, mai sankarar mama ko wadda ta taɓa yi, mai ciwon hanta mai tsanani, mai ciwon suga da ya haura shekara 20 ko ya taɓa ido da ƙoda, mai daskarewar jini a jijiyar ƙafa a halin yanzu, da mai zubar jinin da ba a gano dalilinsa ba tun kafin ta fara. Idan hawan jini ne ya sa aka yi miki tiyatar, awon ya zama dole a kowane zuwa.

Mafi yawan cikin da ake samu a kan allura daga makara yake zuwa. Mako 13 ake ƙirgawa daga ranar da aka yi. Za a iya yin ta mako biyu kafin lokaci, idan tafiya ko azumi za su hana ki, kuma idan kin makara har mako huɗu ana yi ba tare da wani gwaji ba. Idan ya wuce haka, sai a tabbatar babu ciki, a yi allurar, ku yi amfani da kwaroron roba ko ku haƙura na kwana bakwai. Ki lura kada a rikita miki ita da ta wata biyu, Noristerat, wadda ake yi duk mako takwas, rangwamen makararta mako biyu ne kawai. Ki tambayi sunan abin da ake yi miki, a rubuta a kati. A girgiza kwalbar sosai kafin a zuƙa, domin maganin yana kwantawa a ƙasa, a sa sabon sirinji, kuma kada ki murza wurin ko ki gasa shi da ruwan zafi bayan an yi, hakan na sa maganin ya bazu da wuri ya ƙare kafin lokaci. Kumburi mai zafi da ja a wurin allurar bayan 'yan kwanaki alamar ƙurji ne, a kai asibiti. Idan a kemis za ki saya, ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Idan zuwa asibitin ne wahala, ki tambaya game da Sayana Press. Sinadari ɗaya ne, miligiram 104, a cikin 'yar roba mai haɗe da gajeriyar allura, ana yi a ƙarƙashin fatar ciki ko gaban cinya, ita ma duk mako 13. Nijar na cikin ƙasashen da aka fara gwada ta a 2014, a Najeriya kuma an yarda mace ta yi wa kanta a gida bayan an koya mata. Ana girgiza ta daƙiƙa 30, a tura murfin allurar ya haɗe da wuyan robar har giɓin ya rufe, a cire murfin, a tattaro fata da yatsu biyu, a soka, a matse robar a hankali cikin daƙiƙa biyar zuwa bakwai. Kuskuren da aka fi yi shi ne rashin rufe giɓin nan, sai a matsa maganin ya ƙi fita, ko saurin matsawa ya tsiyaye a waje. Ba a sa ta a firiji, ba a kuma barin ta inda zafi ya wuce digiri 30, saboda haka a bazara a nema mata wuri mafi sanyi a ɗaki, nesa da rana da hannun yara. Amma kada ki sa ran za ta raba ki da ɗigon jini, a wannan fannin halinsu ɗaya.

Haka ashana: ita ma tana rikita al'ada, ga wasu ma fiye da allura, kuma rikicin nata ba ya cika lafawa da lokaci. Idan jinin ne kaɗai ya dame ki, komawa ashana ba lallai ya raba ki da shi ba. Robar mahaifa mai jan ƙarfe ba ta da sinadarin da ke taɓa al'ada, kwanakinki za su dawo kan tsarinsu, sai dai jinin yakan ƙaru da ɗan ciwon mara a watannin farko, kuma tiyatar da aka yi miki ba ta hana sa ta. Duk wadda kika zaɓa, ko da kin sauya yau, ɗigon allurar da ke jikinki zai iya ci gaba wasu makonni kafin ya ƙare.

Ranar da za ki koma, ki roƙi maigidan ya raka ki ya ji bayanin jinkirin dawowar haihuwa da kunnensa, don shi ne zai fi iya kwantar wa mahaifiyarsa hankali, kuma daga bakinsa maganar za ta fi karɓuwa. Ki tafi da katinki da kalandar jinin, ki ce a auna nauyi, hawan jini da yawan jini kafin a buɗe kwalbar.